Za a Yi wa Yara Zane

Malam Uwaisu ya sake maka wa guntun ƙarfen da ke rataye a ƙofar makaranta guduma, har sai da tafin hannunsa ya yi zafi. Ƙarar ƙarfen nan kan kai har bakin kasuwar Gusau, amma yau ko akuya ba ta ɗaga kai ba. Hantsi ya dubi ludayi. A ɗakin karatu tabarmi na shimfiɗe, allunan dutse na jere a gindin bango, kowanne da ɗan alli a kansa, yara kuwa biyu ne kacal: Lukuman da ƙanensa Mas'udu, 'ya'yan masinjan alƙali, su ma ubansu ne ya jawo su da kunne. Mas'udu ya dafe kumatunsa da hannu biyu, hawaye na bin tsakanin yatsunsa.

"Kai, haƙori ke yi maka ciwo?" in ji Uwaisu.

Lukuman ya amsa masa. "A'a Malam, tsoron aska shike ji."

"Wace aska?"

"Ta zanen da kac ce za a yi muna yau. Inna ta ce in ya zama dole, a yi muna irin na gidanmu, kada a yi muna na Nasara."

Uwaisu ya dafe kai. Maganarsa ta jiya ta dawo masa tiryan-tiryan. Da za a tashi ya ce musu gobe Bature zai zo daga Tsafe, za a yi zane a gabansa, kowa ya wanko fuskarsa tas. Kuma a lokacin da yake faɗin haka yana zaune ne yana wasa 'yar sabuwar wuƙarsa mai naɗewa, wadda yake fiƙe fensir da ita. Ga Bature, ga wuƙa, ga wanke fuska, ga zane. Ko shi ne yaron, da tuni ya kai Bungudu da gudu.

Shi kuwa bawan Allah siffar bishiya yake nufi. A littafin da aka aiko masa akwai doki, akwai zakara, akwai bishiya. Ya tsallake dokin da zakaran don kada limamin unguwarsu ya ce yana surar abu mai rai, ya zaɓi bishiya wadda ba mai ce masa kanzil. Ya kwana uku yana koyonta a bayan ɗaki kamar mai satar karatu. Ashe yana tsare ƙofa, ɓarawo ta taga zai shigo.

Baturen makarantu, wanda ake ce wa Mai Lofe, tun zuwansa na baya ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in ya sake tarar da tabarmi sun fi yara yawa, makarantar za a rufe ta, malamin ya nemi abin yi. Motarsa kuma bayan azahar ake sa ranta. Uwaisu ya san akwai hanya mai sauƙi, ya leƙa ofishin hakimi a ba shi dogarai su bi gida-gida. An taɓa yin haka. Ranar yara sun cika ɗaki maƙil, amma ba wanda ya iya ɗaga kai, kuma wata guda mahaifiyarsa ta yi ba ta zuwa suna ko biki saboda habaicin mata. Shi ɗan gari ne, a garin nan za a yi masa salla in ya mutu. Ya zura takalmansa, ya ce wa Lukuman kada su motsa, ya nufi kasuwa.

Zafin bazara ya riga ya sauka. Hadari na haɗuwa a gabas yana watsewa, ya ƙi zuba, ya ƙi barin mutane su huta. Uwaisu ya ratsa ta layin masu auduga, ya bi ta gaban sababbin kantunan kwano da baƙi suka kakkafa tun da aka ce jirgin ƙasa na tafe. Duk inda ya gifta sai hira ta tsaya. Wata mai tallar nono ta janye ɗanta ta tura shi bayanta.

"Malam Uwaisu! Tsaya nan!"

Ɗantsoho wanzami ne, ya taso daga rumfarsa ya bar mutum a durƙushe da ƙaho a ƙeya. Ya tare masa hanya yana kaɗa aska.

"Ubanka malami na, kakanka malami na. Wa ag gadon aska cikin gidanku? Da hannun ga nic cire maka belu kana jinjiri. Yanzu don ka iya rubutun hagu sai ka ƙwace min aiki? In dole sai ka yi, ka zo in koya maka, kada ka ɓata huskokin ɗiyan mutane."

"Baba, wallahi ba wannan zanen ba na."

"To wane? Na bulala? Wannan kam kullum kuna yi."

Kafin ka ce kwabo mutane sun yi musu zobe. Uwaisu ya ga bayani ba zai yi ba, gani ya kori ji. Ya zari kara daga jikin rumfa, ya share ƙasa da ƙafa, ya tsuguna. Ya ja tsaye biyu, ya ɗora musu da'ira a sama, ya yi mata ɗige-ɗige a ciki, daidai yadda take a littafi. Ya miƙe yana share zufa.

"Kun gani? Shi ke nan zanen. Icce na, ga ƙasa ko ga allo. Ba jini, ba aska."

Aka matso ana kallo. Rakiya mai ƙosai ta karkata kai, ta zagaya ta ɗaya gefen ta sake dubawa.

"Wanga ai ludayi na," ta ce.

"Tabarya ta, anka kifa mata faifai," in ji wani mahauci.

Ɗantsoho ya duƙa har gemunsa ya kusa taɓa ƙasa. "In wanga shi na icce ƙasar Nasara, to ba mamaki sunka zo tamu neman inuwa."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Uwaisu ya ji kunya har cikin ƙashinsa, amma ya san dariyar nan alheri ce gare shi, don wanda ke dariya ya daina jin tsoro. Sai ya yi maza ya ɗora. Ya ce yau kowane yaro zai koma gida da allonsa a hannu, uwarsa ta ga abin da aka yi da idonta, kuma in an sami ko ƙwarzane a fuskar wani, Baba Ɗantsoho ya aske masa gemu a tsakiyar kasuwa.

Rakiya ta juya ƙosanta. "Nau suna ƙarƙashin gado, ba su yi nisa ba. Amma Malam, ni ban hito da su sai na ga Hajjo ta hito da nata. In mai ɗa guda ta yarda, mu masu biyar mi za mu ce?"

Sauran matan suka ce haka ne. Uwaisu ya waiwaya inda Hajjo kan baza daddawarta. Wurin fayau yake.

Hajjo mutuniyar Karakkai ce, ta ƙasar Bungudu. Mijinta Adamu na cikin mazan da aka ɗiba aikin hanyar jirgi wajen Tsafe, ciwon ciki ya kama shi can, rigarsa kaɗai aka kawo mata. 'Yan biyu ta haifa, ƙyanda ta ɗauke Hassan ta bar mata Hussaini. Da aka ce kowane gari ya ba da yaro a sa shi boko, masu uba suka ɓoye nasu, aka miƙa maraya. Hajjo ba ta yi kururuwa ba. Ta bar gonar a hannun ƙanen mijinta, ta ɗauki tukunyarta ta biyo ɗanta Gusau, ta kafa bukka a bayan gari, a gindin wata tsohuwar tsamiya. Kullum ita ke raka shi har ƙofar makaranta, ita ke zuwa ɗaukarsa.

Uwaisu ya nufi can. Tun daga nesa yake jin saran gatura. Masu share hanyar jirgi sun ƙetare rafi, kullum ƙararsu na ƙara matsowa. Ya iske Hajjo tsaye a jikin tsamiyar da ƙwaryar ruwa da tsumma, tana dirzar gindinta. An shafa wa bishiyar farar ƙasa, wata alama mai ɗan gajeren hannu da dogo sun haɗu a ƙasa, kamar fartanya. Duk bishiyoyin da ke kan layin nan suna da irinta.

"Salamu alaikum. Inna Hajjo, ina wuni?"

"Lahiya lau, Malam. Hussaini ba shi nan."

Daga ƙarƙashin wani babban kwando da aka kife a bakin bukka aka yi atishawa. Ba wanda ya kalli wajen.

Uwaisu ya tsuguna ya fara bayani, bakinsa har harɗewa yake yi don sauri. Ya ce kuskuren harshe ne, ba aska, ba tsaga, alli ne kawai a kan allo. Ya nemi kara zai sake zana ludayinsa, Hajjo ta ɗaga masa hannu.

"Bar wahal da kanka. Na san ba aska ba ta. Tun jiya Hussaini yag gaya min alli na. Na ƙyale mata su yi ta zancen aska, don shi sunka gane."

"To mi kike tsoro?"

"Allin." Ta matse tsummanta. "Aska ai tamu ta, Malam. Aska na nuna ɗa na wane gida na, ko ya ɓace a maido shi. Ran da sunka zo ɗibar maza Karakkai, an jera su bakin kasuwa, wani mai jar hula yab bi su da alli shina shahwa musu ga kahwaɗa. Wanda anka shahwa ma, ya tahi. Wanda anka tsallake, ya koma gona. Adamu dariya ma shikai, yac ce min dubi, an yi min kwalliya." Ta buga gindin tsamiyar da tafin hannu. "Wagga kuma, da sunka zo sunka shahwa mata, nic ce mi ta yi muku? Sunka ce kwantar da hankalinki, ba yanzu ba. Kana jin gatarin ga?"

Yana ji. Kamar a cikin ƙirjinsa ake saran.

"Kullum ina wankewa, kullum suna dawowa su sake. Ni dai abin da nig gani shi na, duk abin da mutanen ga sunka yi ma zane, nasu na. Ba su ɗauka ran nan. Amma suna ɗauka."

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, haka Uwaisu ya ce a ransa. Ya ɗaga kai ya ga inuwar tsamiyar ta tattaru a gindinta. Azahar ta gabato, ɗakin karatu na can da yara biyu, ɗaya ma kuka yake yi.

"Inna Hajjo, wanga zanen yara ke yin shi da hannunsu. Ba a kansu za a yi shi ba. Ni zan riƙo hannun Hussaini in kawo miki shi kahin la'asar sakaliya."

"Ban ce yau ba. Yau kam na san za ka kawo shi."

"To mi kike so in ce?"

"Ka rantse zanen ga ba shi raba ni da ɗana."

Da mutum ne mai natsuwa, da ya ɗan tsaya ya auna. Amma mai jiran motar Bature ba shi da ma'auni. Abin da ke gabansa guntun alli ne da siffar bishiya, ina abin rabuwa a nan?

"Wallahi tallahi, zanen ga ba shi raba ki da ɗanki. Allah na shaida."

Hajjo ta ajiye tsummanta. Sa'an nan ta je ta ɗaga kwandon. Hussaini ya miƙe, ɗan siriri mai wawulo, kansa duk ƙaiƙayin kalwa. Ta karkaɗe shi, ta wanke masa fuska da ruwan ƙwaryar, ta kama hannunsa. Ba ta bi gajeriyar hanya ba, ta tsakiyar kasuwa ta ratsa da shi, a hankali, don kowa ya gani. Kafin su kai ƙofar makaranta yara na ta ɓullowa daga lunguna, wani da yanar gizo a ka, wani da garin dawa a gira.

Bayan salla Uwaisu ya tsaya gaban babban allo, ɗaki ya cika, zuciyarsa ta ɗan sauka. Ya zana bishiyar littafi, tsaye biyu da da'ira.

"Kowa shi yi irin wannan."

Ba wanda ya taɓa alli.

"Malam, wane icce na?" in ji ɗan Rakiya.

"Icce dai."

"Ana cin ɗiyanshi?"

"Na wa na?" in ji wani daga baya. "In na wani na, sai an roƙa."

"Na ce muku icce dai! Icce kawai!"

Yaran suka dubi juna. Tun da aka haife su ba su taɓa ganin icce kawai ba. Sun san kuka, sun san ɗorawa, sun san kanya da kaɗanya, sun san wadda ake hawa da wadda aka ce akwai mutanen ɓoye a kanta, kuma kowace da mai ita. Uwaisu ya leƙa ta taga, ya kasa kunne ko zai ji kukan mota, ya dawo ya dubi ludayinsa. Shi kansa bai san sunanta ba. Ya sa hannun riga ya goge ta.

"To ku saurara. Kowa shi tuna iccen ƙohwar gidansu. Kun tuna? Ku hwara daga ƙasa, don icce daga ƙasa shike tashi. Ku ja ƙasa kwance."

Alluna suka yi ƙiii gaba ɗaya.

"Yanzu gindi. Tsaye biyu. Mai kuka shi buɗa su awa rumbu, mai giginya shi matse su, shi ja su har sama. Kai Mas'udu, saki kumatunka, da wane hannu za ka riƙe alli? Yauwa. To ku ɗaga hannunku ku ware yatsu. Kun gani? Haka rassa suke. Manya daga gindi, ƙanana daga manya. Ganye shi na ƙarshe."

Sai ɗaki ya kaure. Wannan na cewa ɗorawarsu ta fi ta wancan, wancan na cewa kukar wannan ta yi kama da kakarsa. Wani ya zana igiyar akuya a gindin tasa. Lukuman ya yi rassa tsirara ya ajiye alli ya harɗe hannu.

"Ina ganyen?"

"Gawo na, Malam. Da damina niz zana shi."

Uwaisu ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun safe. Yana zagawa yana gyara riƙon alli, yana jin wani daɗi da bai taɓa ji ba a aikin nan, har ya manta da taga. Da ya iso kan Hussaini sai ya tsaya. Yaron ya fito da harshe ta wawulonsa, bai ma san an tsaya a kansa ba. Tsamiyar ce, ba tambaya. Ga karkatarta wajen gabas, ga reshen da iska ta karya bara, ga 'ya'yanta na reto, ga bukka a gindi. A jikin gindin kuma ya sa 'yar alamar nan mai kama da fartanya, saboda tana wurin, shi kuwa abin da ya gani yake zanawa.

Ƙamshin taba ne ya sanar da su Mai Lofe ya shigo. Yara suka miƙe suka gaishe shi, wasu suka kai hannu kumatu. Dogo ne, wuyansa ja kamar gauta, Hausarsa ta Kano ce irin ta littafi. Ya dubi tabarmi ya ga ba masaka tsinke, ya gyaɗa kai. Ya bi layi yana leƙa alluna, ya tsaya kan Mas'udu.

"Madalla. Wannan bishiya ce mai kyau."

Mas'udu ya ɓata rai. "Ba bushiya ba ta. Icce na."

Baturen ya yi dariya har ya ƙware da hayaƙi. Uwaisu ma ya taya shi, yana hamdala a zuci. Yana cikin hamdalar Baturen ya kai kan Hussaini, ya cire lofen daga bakinsa, ya ɗauki allon ya kai shi bakin taga.

"Wannan na san ta. Tsamiyar bayan gari ce, inda hanya za ta bi. Yanzu na wuce ta." Ya dubi yaron, ya sake duban allon. "Wa ya taimake shi?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Malam, mai ido irin wannan ake nema wurin masu awon ƙasa. Ba za a bar shi nan ba. Baɗi sai babbar makaranta a Sakkwato."

Ya ɗauki guntun alli daga tabarma, ya yi wa allon alama a kusurwar sama, irin wadda suke yi wa aikin da ya yi kyau: ɗan gajeren hannu da dogo, sun haɗu a ƙasa.

Uwaisu ya yi maza ya matso. "Ranka ya daɗe, yaron maraya ne. Shi kaɗai gare ta, uwar."

"To ka ga an rage mata nauyi. Can za a ciyar da shi, a tufatar da shi."

"Ga Lukuman, ranka ya daɗe. Ubansa masinja ne, zai yi murna ƙwarai."

Baturen ya leƙa gawon Lukuman, ya yi murmushi, ya mayar da lofensa. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ko ba haka kuke cewa ba? Ka yi aiki mai kyau, Malam. Makarantarka tana nan." Ya tambayi sunan yaron da na garinsu, ya maimaita su sau biyu don kada ya manta, ya fita.

Yara suka watse da allunansu a ka, suna ihu, kowa na son ya riga kai wa uwarsa. Uwaisu ya riƙo hannun Hussaini kamar yadda ya yi alkawari. A kasuwa Rakiya ta ɗaga allon ɗanta tana nuna wa masu sayen ƙosai, Ɗantsoho ya ƙwalo masa cewa gemunsa ya tsira. Ya amsa musu da kyar. Magana zarar bunu ce, ya zare tasa da rana tsaka, da sunan Allah a kanta.

Da suka fita gari ya tsaya. "Hussaini, kawo allon in ɗan gyara maka wani wuri."

Yaron ya rungume allon a ƙirji. "A'a Malam. Kai kac ce kowa shi kai ma innarshi ta gani."

Haka ne, shi ya ce. Suka ci gaba da tafiya.

Hajjo na tsaye a gindin tsamiyar, inda ya iske ta ɗazu. Masu gatari sun tashi aiki, wurin ya yi tsit. Ta durƙusa ta kama fuskar ɗanta da hannu biyu, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, ta shafa goshinsa, ko da yake ta san ba abin da za ta gani. Ta sauke ajiyar zuciya. Ta shiga bukka ta fito da ƙwaryar fura ta miƙa wa Uwaisu.

"Ka yahe min, Malam. Na wahal da kai yau. Mai ɗa guda ba ta da hankali."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya kasa kai ta baki.

"Inna, duba!" Hussaini ya tura mata allon. "Iccenmu na. Ga ɗakinmu. Bature ma ya gane shi."

Hajjo ta riƙe allon nesa da fuskarta, ta dubi zanen, ta dubi tsamiyar, sai murmushi ya kuɓuce mata. Ta bi reshen da ya karye da yatsa ba tare da ta taɓa shi ba. Daga nan idonta ya hau kusurwar sama.

"Wanga hwa? Kai kay yi shi?"

"A'a. Bature yay yi min. Ni kaɗai yay yi ma, duk ɗakin."

Ba ta dubi ɗanta ba, ba ta dubi bishiyar ba. Uwaisu ta duba.

"Yaushe?"

"Inna Hajjo, ba irin wancan ba na. Karatu na. Kuma ba yanzu ba."

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya ce. Hajjo ta gyaɗa kai a hankali. Ta zauna a kan saiwar tsamiyar, ta ɗora allon a cinya, ta tsoma bakin zanenta a ƙwaryar ruwan safe. Hussaini ya fara kuka yana jan hannunta, yana cewa kada ta ɓata masa. Ta ce masa ya yi shiru, iccensa ba abin da zai same shi. Ta sunkuya tana goge kusurwar allon a hankali, tana kiyaye ganyen.